Sawun da Kawu Mati Ya Rufe

Tsohuwar ƙwarya ce mai ɗinki a gefe. An kife ta a kan rairayi, taku uku daga bakin zaurenmu, an ɗora mata dutse don kada awaki su ture ta. Da hantsi na fito zubar da shara na gan ta. A garinmu, ɗan ƙauyen da ke arewa da garin Babban Mutum, mutum ɗaya ne yake kife ƙwarya a kan hanya: Kawu Mati mai bin sawu, yayan mahaifiyata. Sau uku ya taɓa yin haka a ƙofar gidan da ba a yi sata ba, kuma duk ukun ba a cika shekara ba aka fitar da gawa daga gidan.

Na tsuguna na ɗaga ta. Sawu ne guda ɗaya, na ƙafar hagu. An yi ruwa da asuba, ƙasa ta riƙe shi sarai kamar an buga hatimi. Silifas ne, ga ɗan ramin kan ƙusa a inda aka gyara igiyarsa. Ba sai an gaya mini ba. Takalmin Inna ne, wanda take fita da shi kullum ta kai awaki wurin makiyayi. Daga cikin gida ina jin muryarta tana yi wa kaji faɗa tana dariya.

Na mayar da ƙwaryar yadda na same ta, ban san dalili ba. Wata huɗu ke nan da na gama jami'a, kimiyyar halittu na karanta, ina jiran takardar bautar ƙasa. Ga ni a tsugune a bakin titi ina lallaɓa dutse a kan ƙwarya.

Kawu Mati bai taɓa shiga aji ba. Ko allo bai yi nisa ba, don kakanmu dillalin shanu ne, tun yana ƙarami ya tura shi bayan garke. Inna ta ce yana ɗan shekara tara ya san sawun kowace saniya a garin da sunan mai ita. Kafin ya yi aure ya san na kowane mutum. Idan mace ta wuce, ya san ko ruwa ta ɗauko ko itace, wai mai ruwa takunta gajere ne a daidaice, mai itace kuwa tana yin rangaji. Ya san mutumin da ya fito daga gidansa cikin fushi. Ɓarayi sun gwada tafiya da baya da baya, sun gwada ɗaure wa shanu tsummoki a kofato, duk bai hana shi tsayawa a ƙofar gidan da dabbar ta kwana ba. Sau da yawa har cikin Nijar yake bi, wajen Magarya, ya dawo bayan kwana biyu yana kora abin mutane a gabansa.

Aikin yana da ƙa'idarsa. Idan aka wayi gari da sata, ba mai taka wurin sai ya zo. Zai zagaya turken sau ɗaya, ya zaɓi sawun da ya fi fitowa, ya kife masa ƙwarya saboda iska da dabbobi. In ya yi nisa ya fara shakka, sai ya dawo ya ɗaga ya sake dubawa. Asalin ƙwaryar ke nan, ba wani tsafi a ciki.

A shekarun nan an ji da shi. Dagaci yana aiko masa da cinyar rago duk Sallah. Amma Inna ta ce tun a lokacin ta lura zaurensa ba ya tara mutane kamar na sauran maza. Wa zai so zama da mutumin da ya san gidan da ka shiga jiya, ya san ka tsaya a bayan katangar wane, ya san ka yi minti nawa a tsaye? Bai taɓa faɗin sirrin kowa ba. Shirun nasa ma shi ya fi damun mutane. Matarsa Murja kaɗai ta mayar da abin wasa. In za ta je unguwa sai ta ɗaura tsintsiya a bakin zane tana ja a baya, ta waiwayo ta ce, “To, Malam, yau sai ka karanta.” Shi kuma ya ce, “A gaida Goggo, kuma ki ce mata gishirin da kika ara jiya ya isa haka.”

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu ina aji shida na firamare. Ko'ina maganar haddi ake yi, a kasuwa da rediyo da bakin rijiya. Cikin wannan yanayi aka kwance sa daga turken wani attajiri, aka kira Kawu. Ya zagaya turken, ya tsaya ya daɗe, har mutane suka fara duban juna. Sannan ya kife ƙwarya ya kama hanya, jama'a na binsa. Tafiyar ba ta yi tsawo ba. A bayan gari ta ƙare, a gidan Ɗantsoho, abokinsa da aka yi musu kaciya rana ɗaya.

Wataƙila da an je gaban alƙali ba za a yanke komai ba, don malamai sun ce sawu ba ya zama shaida a haddi. Ɗantsoho bai tsaya jin wannan bayani ba. Ya tsallake katanga ya bar mata da 'ya'ya biyar, har yau ba wanda ya san ko yana raye. Dagaci ya umarci Kawu ya bi sawunsa. Kawu ya ce idonsa yana ciwo. Daga ranar bai sake bin ɓarawo ba. Da na girma na tambaye shi, ya ce, “Tun a bakin turke na gane shi. Na tsaya ina roƙon Allah Ya sa in kasa ganewa. Ban kasa ba.”

Ba a jima ba wasu samari uku masu wa'azi suka zo masa, don an kai musu labarin wai yana aiki da aljanu. Ina gidan ranar, an aike ni da fura. Ya shimfiɗa musu tabarma ya ba su ruwa.

Babbansu ya ce, “Malam Mati, an ce kana faɗin gaibu.”

Ya ce, “Gaibu na Allah ne, ɗana. Ni abin da kuka rubuta da ƙafafunku nake karantawa. Ku ma da kun sunkuya da kun gani.”

“Kamar me?”

“Kamar kai, akwai ƙaya a dunduniyarka ta dama tun jiya. Je a cire maka kafin wurin ya yi ruwa. Wannan na kusa da kai kuma takalmin aro ya sa, ya yi masa yawa, yana ta riƙe shi da yatsu tun daga tasha.”

Na ukun kuwa sai ya janye ƙafafunsa ya cusa a ƙarƙashin riga. Murja tana bayan ƙyaure tana dariya har da tari. Suka yi addu'a suka tafi.

A cikin mutum ukun da ya kife wa ƙwarya suka rasu, Murja ce ta farko. Wata safiya aka ga ƙwarya a kife a ƙofar gidansa, ba a yi sata ba, ba wanda ya kula. Ashe ya ga takunta ya canza, tana karkata gefe ɗaya kamar mai kare wani abu a cikinta, ita kanta ba ta sani ba. Ya rufe sawun don ya gwada da na mako mai zuwa. Ya gwada, ya ga ya ƙaru. Bai ce mata komai ba. A wurinmu ba a cewa mai lafiya ba shi da lafiya. Mugun baki ke nan, in abin ya faru kai ka jawo. Wata takwas yana kallon ƙasa kullum safe yana ganin matarsa tana tafiya, tana kuma yi masa tuwo tana tsokanarsa. Ranar da ta fara cewa cikinta yana ciwo aka kai ta asibiti, likita ya ce an makara.

Na biyu yayan liman ne. Na uku wani matashin tela, Anwar, wanda ko ciwon kai bai taɓa yi ba. Bayan na ukun ne mutane suka haɗa lissafi. Tun daga nan matan garinmu suke share ƙofar gida sau biyu a rana, wasu har su yayyafa toka. In an hango shi tafe, iyaye mata sukan ɗauke yaransu daga kan rairayi.

Shi kuwa ya sayar da sansa guda ɗaya ya sayi siminti, ya daɓe tsakar gidansa kaf, da zaure, har taku huɗu a waje. Wasu suka ce arziki ya samu, wasu suka ce taɓuwa ce. Gudun karanta sawu yake yi. In zai je masallaci sai ya ɗaga kai yana kallon saman bishiyoyi. Mutumin da ya taɓa bin sawun akuya a kan fako har Mai'adua, yanzu tuntuɓe yake yi da dutse a hanyar da ya shekara sittin yana bi.

Wannan shi ne mutumin da ya rufe sawun takalmin Innata.

Ranar na je gidansa kafin azahar. Tun da na dawo daga makaranta ni nake kai masa abinci, don ba shi da kowa sai mu. Na same shi a zaure yana tufkar igiya. Na gaishe shi na ajiye kwano, na ce, “Kawu, na ga ƙwarya.”

Bai ɗago ba. Ya ce, “Ya su Barakatu?” Sunan Inna ke nan.

“Kawu, me ka gani?”

“Miyar me aka yi yau?”

Na yi kuka a gabansa. Hannunsa dai na ga ya daina tufka.

Na yanke shawara ba zan zauna jira ba kamar sauran. Na ce wa Inna wai an ce duk wanda ya haura hamsin ya je awo. Ta ce ita ƙalau take, awon me, ko buhun gero ce ita? Na nace kwana uku har ta gaji. Muka hau mashin zuwa Babban Mutum, muka shiga mota zuwa Daura. Aka auna jininta, aka ɗebi jini da fitsari, aka ɗauki hoton ƙirji da na ciki. Muka koma bayan mako guda. Likitar ta duba takardun ta ce, “Mama, kin fi ni lafiya. Ki rage gishiri kawai.” A mota Inna ta sayi rake tana sha tana yi mini tsiya, wai karatun boko ya mayar da ni matsoraciya.

Ni kuwa wani irin daɗi nake ji mai haɗe da fushi. Muna sauka na wuce gidan Kawu da takardun a hannu, ko mayafi ban gyara ba. La'asar ta yi sanyi, yana zaune a bakin simintinsa ya ba titi baya.

Na ce, “Kawu, ga shi. An auna ta daga sama har ƙasa, ba ta da komai. Wannan karon ka yi kuskure. Kwana goma ba na cin abinci saboda kai.”

Ya karɓi takardun ya riƙe, shi da ba ya karanta boko, ya miƙo mini.

“Alhamdu lillahi. Barakatu ai ko ni za ta binne. Takunta bai canza ba tun tana budurwa.”

“To me ya sa ka rufe sawunta?”

Wani jaki yana kuka can wajen rijiya.

“Ikilima, ni na ce miki nata ne?”

“Takalminta ne, Kawu. Har ƙusar na gani.”

“Takalminta ne.” Ya juyo ya dube ni, abin da ba ya yi wa kowa. “A gidanku wa yake duba takalmin da ya zura in zai fita? Ranar da aka yi ruwan asuba, wa ya fita bakin hanya neman sabis a waya, ya tsaya a kan tudun nan ya yi ta juyi, ya dawo?”

Ni ce. Na fita duba ko sunayen bautar ƙasa sun fito. Silifas ɗin da na tarar a bakin ɗaki na zura, kamar yadda kowa yake yi a gidanmu, kamar yadda na yi sau ɗari.

Na zauna a kan simintin. Yana da sanyi duk da ranar da ta dake shi.

Ya ce, “Babban yatsanki na hagu yana jan ƙasa. Siririn layi ne, kamar an ja tsinke. Watan da kika dawo sai kin gaji yake fitowa. Yanzu kowane taku. Kuma takun hagu ya gaza na dama da yatsa biyu. Jiya uku na gani.”

“Ai ka ce ka daina kallon ƙasa.”

“Kullum kina kawo mini tuwo. Tsakanin simintin nan da titi rairayi ne. Idona ba ya neman izinina.”

“Mene ne, Kawu? Wace cuta ce?”

“Ban sani ba. Ban taɓa sanin sunan ko ɗaya ba. Ni dai ina ganin mutum ya fara tafiyar da ba tasa ba.”

Na tambaye shi me ya hana shi gaya mini tun ranar da na zo ina kuka. Ya ce ya buɗe baki sau uku, harshensa ya ƙi. Ya ce a cikin mutanen nan duka ba wanda ya taɓa dawowa ya tsare shi da tambaya sai ni. Iyalan liman sun fasa ƙwaryar ne suka share wurin. Uwar Anwar ta daina gaishe shi. Ya ce, “Ke kin zo kin ce na yi kuskure. Shekara nawa ina so wani ya ce mini haka, ya kuma zama gaskiya ya faɗa.”

Ban san me ya sa na yi masa tambayar da na yi daga nan ba. Wataƙila don tun ina yarinya ake cewa ƙwaƙwalwar Kawu na ɗauko, ni kuma ina jin daɗin hakan. Na ce, “Da za a ɗauke maka wannan basirar, kana so?”

Ya nuna da haɓa wajen rijiya, inda Dabo mai jaki yake ɗora jarkoki yana rera waƙa. “Kin ga wancan? Sau uku jakinsa yana ɓata, sau uku ina nemo masa, sau ɗaya ma a bayan gidansa yake ɗaure, shi ya ɗaure shi ya manta. Matarsa ta yi jinya ta rasu bai san tana ciwo ba sai mako biyu kafin nan. Ya yi kuka ya gama. Shekara ashirin da ya yi da ita duk ya ci su da daɗi har ƙarshe. Ni wata takwas na ƙarshe ban ji ɗanɗanon tuwon Murja ba. Amma da Dabo ne kawunki, wa zai ce miki ki tashi ki tafi asibiti gobe? Ki tafi gobe, Ikilima. Kada ki yi irin nawa.”

A hanyar gida abubuwa suka riƙa dawo mini. Kofin shayi da ya suɓuce daga hannuna na hagu sau biyu. Takalmin da yake fita daga ƙafata in ina sauri. Ciwon kan safe da na ɗora wa kallon waya.

Dole na gaya wa Inna. Ta ɗauki mayafi ta nufi gidansa, ina jin muryarta daga titi: “Yaya Mati, tun muna yara kake tsorata mutane, yanzu kuma 'yata?” Ban san abin da ya ce mata ba. Ta dawo ta fara haɗa mini kaya a jaka.

Likitan da na gani a Daura ya fara da murmushi da na ce masa kawuna ne ya ga sawuna. Ya ce in yi tafiya a kan layin tayil, dunduniya na taɓa yatsa. Ya bubbuga gwiwoyina da ɗan guduma, ya goga mabuɗi a tafin ƙafata ta hagu, ya sake gogawa. Sai ya daina murmushi. Ya ce, “Kawun nan naki a ina ya yi karatu?” Ya rubuta takarda zuwa Kano.

A Kano aka kwantar da ni a cikin wata na'ura mai kama da bututu, aka ce kada in motsa, ta yi ta bugu a kunnena kusan rabin awa. Hoton ƙwaƙwalwa da na laka suka ɗauka. Ma'aikacin da ya fito da ni bai haɗa ido da ni ba, amma wataƙila haka yake yi wa kowa. Aka ce babban likitan da zai karanta hoton sai ranar Alhamis yake zama. Mansur, ɗan baffana da ke aiki a can, shi zai karɓo sakamakon ya kira mu.

Tun da na dawo nake karatu a waya. Yanzu na san sunayen cututtuka biyar da suke farawa da jan yatsa. Biyu ana warkewa in an kama da wuri. Ɗaya ana rayuwa da ita shekaru. Sauran biyun na san kashi nawa cikin ɗari suke kai shekara biyar, na so a ce ban sani ba. Inna ba ta san sunan ko ɗaya ba. Ta yi sadakar ƙosai, ta ce Allah Yana nan, tana cin abincinta tana kai awakinta. Ni ko zama ba na iya yi wuri ɗaya. Takardar bautar ƙasa ta fito, Nasarawa aka tura ni, ban ko buɗe jakar da zan tafi da ita ba.

Kawu yana zuwa gidanmu kullum yanzu, shi da ya shekara bai taka zaurenmu ba. Yakan zauna su yi ta faɗa da Inna a kan gishirin miya. Ba ya tambayata jiki, ni ma ba na tambayarsa yatsa nawa ya gani.

Yau Laraba. Mansur ya ce layin yana da tsawo, kada mu sa rai kafin azahar. Gobe zai kira. Har yanzu ba mu san abin da hoton ya nuna ba.